Shin Na'ura Tana Ji? Sharhi Kan Hayyaci, Haƙiƙar Duniya da Tarbiyyar Ruhi

Tun da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT ranar 30 ga Nuwamban 2022, wata tambaya da a da sai a azuzuwan falsafa ake jin ta ta fito kasuwa. Mutum zai rubuta wa waya damuwarsa, ta mayar masa da amsa cikin ladabi, har da jaje da ban haƙuri. Daga nan baki ya rabu. Wani ya ce abin nan yana da hankali irin na mutum. Wani ya ce aljani ne a ciki, ko kuma sharar fage ce ta fitinar Dujal. Wani kuma, galibi cikin matasan da suka yi nisa a boko, ya juya zancen: idan na'ura za ta iya tunani, ashe mutum ma na'ura ne, ruhi kuwa tatsuniya. A gefe guda ga bidiyoyi suna yawo a TikTok da YouTube suna cewa duniyar nan kanta wasan kwamfuta ce, wai masana sun tabbatar.

Mafi yawan wannan ruɗani daga wuri ɗaya ya taso: an zuba abubuwa uku a ƙwarya guda, wato iya aiki da basira, da ji daga ciki, da kuma ruhi. Kowannensu da hanyar da ake bi a bincike shi. Idan aka rarrabe su, rabin gardamar zai kwanta da kansa, rabin da ya rage kuma shi ne wanda ya cancanci a zauna a kansa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Basira ita ce iya warware matsala: gano hanya, yin lissafi, fassara, gane fuska, tsara magana. Ana auna ta da sakamako. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaita sunanta da AI, na nufin manhajojin kwamfuta da aka gina su yi irin waɗannan ayyuka ta hanyar koyo daga tarin bayanai.

Hayyaci shi ne abin da muke nufi idan muka ce wanda ya suma ya dawo hayyacinsa. Yana da fuska biyu. Ta farko ita ce kasancewa a farke, saɓanin barci mai nauyi ko doguwar suma ko allurar barcin da ake yi kafin tiyata. Ta biyu, wadda ta fi wuyar kamawa, ita ce jin abu daga ciki: zafin barkono a harshe, zugin haƙori cikin dare, faɗuwar gaba idan an buga waya da asuba. Ma'aunin zafi na asibiti yana faɗin zazzaɓin yaro daidai, amma ba ya jin zazzaɓi. Yaron ne yake ji. Wannan jin shi ne batun wannan sharhi.

Ruhi kalma ce ta addini, daga Larabci, kuma tana nufin abin da Allah Ya hura wa ɗan Adam, wanda rabuwarsa da gangar jiki ita ce mutuwa. Haƙiƙa kuwa yadda abu yake a kan kansa, ko mun gan shi haka ko ba mu gani ba. Tarbiyyar ruhi, wadda malamai ke kira tazkiyya, ita ce horar da zuciya ta rabu da hassada da riya da girman kai, ta saba da gaskiya da haƙuri da tuna Allah.

Yadda na'urar take aiki, da dalilin da take ruɗar mu

Manhajoji irin su ChatGPT da Gemini da Claude an gina su ne a kan abu ɗaya: hasashen kalmar da za ta biyo baya. An ciyar da su da rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, littattafai da jaridu da hirarrakin intanet, suka yi ta gyara lissafinsu har suka ƙware wajen gane wace kalma ce ta fi dacewa bayan wace. Daga baya aka sa mutane suka riƙa zaɓar amsoshin da suka fi daɗi da amfani, aka ƙara horar da su a kan haka. Idan manhajar ta rubuta cewa ta tausaya maka, ta koyi hakan ne daga miliyoyin wuraren da mutane suka rubuta wa juna irin wannan magana. Aikin yana da ban mamaki ƙwarai, kuma raina shi kuskure ne. Sai dai daɗin amsar bai zama hujjar cewa akwai mai ji a bayanta ba.

Tun 1950 masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya kawo shawarar a ajiye tambayar ko na'ura tana tunani, a koma ga wadda za a iya gwadawa: shin za ta iya hira a rubuce har mutum ya kasa bambanta ta da ɗan'uwansa mutum? Gwajin ya yi amfani a zamaninsa, amma yana auna kamanni ne kawai, kuma Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane.

Raunin yana wurinmu. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya bayyana wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna ELIZA. Ba ta san komai ba. Tana ɗaukar maganar mutum ne ta juya masa ita a matsayin tambaya. Ka ce mahaifiyarka tana damunka, ta ce ka ƙara ba ta labarin iyalinka. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka yi wata da watanni ana haɗa manhajar, ta zauna ta fara hira da ita, can sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi maganar sirri. Abin ya girgiza Weizenbaum, ya shafe sauran rayuwarsa yana gargaɗi a kan haka. Bayan shekara 56, a Yunin 2022, wani injiniyan Google mai suna Blake Lemoine ya fito ya ce manhajar LaMDA ta farka, tana da ji, tana tsoron a kashe ta. Kamfanin ya ce babu hujja, ya sallame shi a watan Yuli. Mutumin bai yi kama da maƙaryaci ba. Abin da ya same shi shi ya sami sakatariyar nan: a duk tarihin ɗan Adam, duk abin da ya yi mana magana mai ma'ana mai rai ne, don haka zuciya take saurin ba da shaida kafin hankali ya yi bincike.

Abin da kimiyya ta gano, da inda ta tsaya

Babu mai musun cewa hayyaci yana da alaƙa ta ƙut-da-ƙut da ƙwaƙwalwa. Akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 a cikinta, suna aika wa juna saƙo ta lantarki da sinadarai, kuma duk aikin nan ba ya cin wutar da ta wuce wat 20. Allurar barci kaɗan tana ɗauke hayyaci gaba ɗaya, rauni a wani sashe yana iya hana mutum gane fuskar matarsa alhali idonsa lafiya lau.

Binciken da ya fi taɓa zuciya a wannan fage shi ne na Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij, wanda aka buga a 2006. Wata matashiya 'yar shekara 23 ta yi haɗarin mota, ta shafe watanni a kwance, idonta yana buɗewa amma ba ta amsa komai, likitoci suka yanke cewa babu alamar ta san abin da ke gudana. Aka sa ta cikin na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, aka ce mata ta ƙiyasta tana buga ƙwallon tanis. Sashen da ke tsara motsin jiki ya kama aiki, daidai yadda yake yi a kan mai lafiya. Aka ce ta ƙiyasta tana zagaya ɗakunan gidansu; wani sashen daban, mai kula da wuri da hanya, ya amsa. Tana ji, tana fahimta, tana bin umarni, jikin ne kawai ya ƙi. Wani babban bincike da aka buga a 2024 ya sami irin wannan amsa a wajen marasa lafiya 60 cikin 241 da ba sa nuna wata alama a zahiri, wato kusan ɗaya cikin huɗu.

A lura da abin da wannan ya nuna. Ga mutum mai cikakken ji amma ba ya iya furta ko kalma ɗaya, ga kuma na'ura mai zuba magana wadda ba mu da tabbacin tana jin komai. Magana da ji abubuwa biyu ne da suke iya rabuwa. Wannan kuma darasi ne ga masu jinya a asibitocinmu: wanda ke kwance shiru ana zaton ba ya ji, yana iya jin duk abin da ake faɗa a bakin gadonsa.

Inda kimiyya ta tsaya kuwa shi ne tambayar dalili. A 1974 masanin falsafa Thomas Nagel ya kawo misalin jemage, wanda yake gane hanya cikin duhu ta hanyar fitar da ƙara da sauraron dawowarta. Za ka iya sanin komai game da kunnensa da ƙwaƙwalwarsa, amma yadda abin yake a wurin jemagen kansa ya fi ƙarfin awo. A tsakiyar shekarun 1990 David Chalmers, ɗan Ostireliya, ya raɗa wa wannan suna matsala mai wuya: me ya sa motsin lantarki a cikin nama yake zuwa tare da ji, maimakon ya gudana a duhu kamar aikin injin niƙa? A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi fare da Chalmers cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. A Yunin 2023, a wani taro a New York, Koch ya amsa a bainar jama'a cewa ya faɗi. Duk wanda ya ce maka kimiyya ta gama warware hayyaci, ko ta tabbatar babu komai a mutum sai sinadarai, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba.

Ra'ayoyi kan ko na'ura za ta iya ji

Ɓangare na farko suna ganin abin da ke haifar da hayyaci shi ne tsarin aiki, ko da wane abu aka gina shi. Bernard Baars ya kawo ra'ayi a 1988, Stanislas Dehaene na Faransa ya faɗaɗa shi, cewa bayani yana shiga hayyaci ne idan aka watsa shi ga dukkan sassan ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Idan haka ne, babu abin da zai hana a gina na'ura mai irin wannan tsari wata rana.

Ɓangare na biyu sun ƙi. John Searle ya kawo misali a 1980 na mutumin da aka kulle a ɗaki da littafin ƙa'idoji, ana miƙo masa tambayoyi da Sinanci ta ƙarƙashin ƙofa, yana duba littafin yana haɗa alamomi yana mayarwa. Na waje zai rantse akwai Basine a ciki, alhali mutumin bai san ma'anar ko alama ɗaya ba. A ganin Searle kwaikwayon abu a kwamfuta ba ya zama abin. Hoton wuta, komai kyansa, ba ya dafa tuwo. Anil Seth na jami'ar Sussex ya ƙara da cewa ji yana da tushe a cikin jiki mai rai, mai yunwa da ƙishirwa, wanda dole ya kare kansa daga mutuwa, na'ura kuwa ba ta da abin da za ta rasa. Giulio Tononi, wanda ya gabatar da nasa ra'ayin a 2004, yana ganin hayyaci ya dogara ne ga yadda sassan abu suke haɗe suna tasiri a kan juna, kuma a lissafinsa kwamfutocin yau ba su da shi komai wayonsu. Zafin saɓanin ya kai ga masana 124 sun sa hannu a wata wasiƙa a Satumban 2023 suna cewa ra'ayin Tononi bai cika sharuɗɗan kimiyya ba.

A Agustan shekarar, wasu masana 19 suka auna manhajojin lokacin da alamomin da manyan ra'ayoyin suka gindaya. Suka ce babu wadda ta cika sharuɗɗan, amma kuma ba su ga wani shingen fasaha da zai hana a gina mai cika su ba. Matsayi ne na adalci, kuma shi ya fi dacewa da hujjojin da ke hannu.

Malaman Musulunci sun daɗe a wannan fage. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce a ƙaddara mutum an halicce shi yanzu-yanzu, cikakke, yana rataye a iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna, ba ya jin sauti ko ƙamshi. Shin zai san yana nan? Ibn Sina ya ce zai sani, ko da bai san yana da hannu ko ƙafa ba, kuma ya kafa hujja da hakan cewa sanin kai bai jingina da gangar jiki ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi a Ihya'u Ulumid Din yana bayanin zuciya da ruhi da rai da hankali, yana nuna kowace kalma tana da ma'ana ta zahiri da ta ɓoye, kuma ya ja bakinsa daga zurfafawa a haƙiƙar ruhi. Dalilinsa sananne ne: aya ta 85 a Suratul Isra'i ta mayar da sanin ruhi ga Allah, ta kuma tunatar da ɗan Adam ƙarancin iliminsa.

Nan ne ake yawan kuskure ta fuska biyu. Mai cewa hoton ƙwaƙwalwa ya ƙaryata ruhi ya nemi abu a inda ba a ce yana nan ba, domin addini bai taɓa cewa ruhi wani sashe ne da za a gani a na'ura ba. Shi kuma mai cewa tunda ruhi sirri ne haramun ne a binciki hayyaci, ya rufe ƙofar da ta amfani matashiyar Kambirij da ire-irenta. Zancen aljani a cikin manhaja kuwa ba shi da tushe: mutane ne suka rubuta ta, a kan kwamfutoci take gudana a manyan rumbuna masu cin wutar lantarki da ruwan sanyaya, kuma idan aka yanke wutar ta tsaya.

Shin duniyar ma gaskiya ce?

Wannan shakka ta girmi kwamfuta da ƙarnoni. Gazali ya ba da labarin yadda ta kama shi a littafinsa Al-Munƙiz minad Dalal. Ya duba ido, wanda ya fi sauran gaɓoɓi ƙarfi, ya ga yana nuna masa inuwa a tsaye cak, bayan sa'a guda kuma ta gusa. Yana nuna masa tauraro kamar tsabar dinari, lissafi kuma ya ce ya fi ƙasa girma. Ya ce to hankali fa, wa ya tabbatar ba shi da wani alƙali a samansa da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa take ƙaryata mafarki? Ya yi kusan wata biyu cikin wannan hali, kuma ya ce ba jerin hujjoji ne suka fitar da shi ba, haske ne Allah Ya jefa masa a ƙirji. Bafaranshe René Descartes ya bi irin wannan hanya a 1641, ya tsaya a kan cewa ko da ana yaudararsa a komai, dole akwai shi wanda ake yaudara.

Sabon salon zancen ya fito ne daga Nick Bostrom na Oksfod a 2003. Ya ce ɗaya cikin uku dole ya zama gaskiya: ko al'ummomi suna halaka kafin su kai ga iya ƙera duniyar kwaikwayo mai mutane masu ji, ko suna kaiwa amma ba sa yi, ko kuma akwai yiwuwa mai ƙarfi muna cikin irinta. Bai ce ya tabbatar da na ukun ba. Fim ɗin The Matrix na 1999 da maganar attajiri Elon Musk a 2016 su suka yayata ra'ayin duniyar kwaikwayo. Hujjar gaba ɗaya ta rataya ne a kan zaton cewa kwamfuta tana iya haifar da ji, wato ainihin abin da ake gardama a kai. Babu kuma wani gwaji da aka yi da ya nuna haka.

Abin da yake tabbatacce ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi ban mamaki. Idonmu yana kama ɗan siririn yanki ne na haske. Zuma tana ganin launin da ba mu gani, kare yana jin sautin da ba mu ji. Ƙwaƙwalwa tana haɗa hoton duniya daga 'yan saƙonni, tana cike giɓi da hasashe. Wannan yana koyar da tawali'u, amma bai mayar da duniya ƙarya ba. Haka kuma masu tallar kwasa-kwasai da littattafan samun arziki suna yawan jingina da kimiyyar kwantom, wato ilimin halayyar ƙananan ƙwayoyin halitta irin su lantarki da haske, suna cewa ta tabbatar tunanin mutum ne yake ƙera duniya. Gwaje-gwajen da suka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022 sun nuna baƙon hali a ƙwayoyin haske, amma awon da ake magana a kai na'ura ce take yin sa, kuma babu inda suka nuna buri yana juya abin duniya.

Tarbiyya a zamanin wayar hannu

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga haɗuwar addini da fasaha. Lasifika ta hau hasumiya, rediyon Kaduna ya kai tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi ƙauyukan da malaman ba su taɓa takawa ba, kaset ya bi direbobi har Agadas da Kumasi, yau kuma karatun azumi yana zuwa kai tsaye ta Facebook. Matar da ke cikin gida tana sauraron darasin da kakarta ba ta sami damar ji ba. Makaho yana sauraron Alƙur'ani duka a waya. Alheri ne babba, kuma wanda ya ce fasaha maƙiyiyar addini ce bai yi wa wannan tarihi adalci ba.

Matsalar ta fi kusa da haka. Dubi mutum bayan sallar Magariba, ɗan carbin lantarki a yatsarsa, babban yatsa yana dannawa, lamba tana hawa. A ɗaya hannun waya ce, ido yana kan bidiyo, wani yana ƙarewa wani yana shigowa. Carbin zai nuna ɗari, amma zuciyar ba ta halarci ko ɗaya ba. Malaman tarbiyya, daga Gazali zuwa shehunan Ƙadiriyya da Tijjaniyya da malaman Sunna, sun yi saɓani a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan cewa jarin mai ibada shi ne halartar zuciya da niyya. Wannan jarin kuwa shi ne ainihin hajar da manyan kamfanonin sada zumunta suke saye da sayarwa, domin kuɗin talla yana ƙaruwa ne da yawan mintocin da ido ya yi a kan allo. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa komai jan da aka yi masa a 2006, ya fito daga baya ya nuna nadama. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a 2017 cewa sun gina dandalin ne da sanin yana cin gajiyar wani rauni a ɗabi'ar ɗan Adam. A ganina wannan ya fi tambayar farkawar na'ura gaggawa nesa ba kusa ba: tun kafin a san ko na'ura za ta sami hayyaci, ta riga ta iya raba mutum da nasa.

Binciken ƙwaƙwalwa ma ya goyi bayan tsohuwar fahimtar cewa zuciya tana horuwa da maimaici. A 2004 masu bincike a jami'ar Wisconsin suka auna ƙwaƙwalwar wasu masu zuhudu mabiya addinin Budda da suka yi sa'o'i dubu goma zuwa dubu hamsin suna horon natsuwa, suka ga bambanci bayyananne tsakaninsu da sababbin shiga. Awon bai ce komai game da gaskiyar aƙidarsu ba, kuma ba zai iya ba. Abin da ya nuna shi ne canji yana zuwa ne da dogon aiki, wanda manhaja ba za ta ɗauke wa kowa ba.

Wasu wuraren ibada sun gwada miƙa wa na'ura mumbari. A 2019 haikalin Kodaiji da ke Kyoto a Japan ya kafa mutum-mutumi mai suna Mindar yana wa'azi. A Yunin 2023 mutane fiye da 300 suka halarci wata coci a garin Fürth na Jamus inda ChatGPT ya tsara hudubar, wasu hotunan mutane na kwamfuta suka karanta ta a allo. Wasu cikin mahalarta sun ce sun ji abin babu rai. Fadar Paparoma ta fitar da takarda a Janairun 2025 tana jan hankali cewa kada a daidaita wannan fasaha da hankalin ɗan Adam.

Abin da ka iya biyo baya

Na farko shi ne shaƙuwa. Akwai manhajoji, irin su Replika, da aka ƙera musamman don su zama aboki ko masoyi. A Fabrairun 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta dakatar da Replika daga amfani da bayanan 'yan ƙasar saboda fargabar illa ga yara da masu rauni. Abokin da ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya neman komai a wurinka, yana da daɗin zama, amma haƙuri da yafiya da kawaici a cikin gogayya da mutane ake koyon su, da maƙwabci mai wuyar hali da ɗan'uwa mai yawan buƙata.

Na biyu sirri ne. A Nuwamban 2020 wani rahoton jarida a Amurka ya bayyana cewa bayanan wuraren da masu amfani da manhajar Muslim Pro suke sun bi ta hannun dillalan bayanai har suka kai ga 'yan kwangilar rundunar sojin ƙasar. Kamfanin ya musanta sayar wa soja, ya kuma yanke hulɗa da dillalan. Wanda yake zuba wa manhajar hira zunubansa da sirrin aurensa ya kamata ya san maganar tana sauka ne a rumbun wani kamfani.

Na uku, kuma wanda ya fi shafar mu kai tsaye, shi ne fatawa. Manhajojin nan suna iya ƙago abin da babu shi su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa: hadisi da lambarsa, littafi da shafinsa, magana a bakin malamin da bai faɗe ta ba. Kuskuren ya fi yawa a harsunan da rubutunsu ya yi ƙaranci a intanet, Hausa kuwa tana cikinsu. Tsarin karatun zaure, inda ɗalibi yake durƙusawa gaban malam ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala layi-layi, an gina shi ne a kan sanin daga bakin wa aka karɓo, shi kuma daga wa. Malamin yana da suna, yana da unguwa, ana ganin yadda yake zaune da iyalinsa, idan ya yi kuskure akwai wanda zai je ya same shi. Ya san mai tambayar, ya san halin gidansu, ya san lokacin da amsa mai tsauri za ta gyara da lokacin da za ta karya. Manhaja tana da amfani wajen nemo mas'ala, taƙaita dogon bayani, ko shirya tambayar da za a kai wa malami. Hukuncin saki da rabon gado da kaffara kuwa suna buƙatar wanda zai ɗauki nauyin amsarsa. Jami'o'inmu da ke da sassan nazarin addini da na kimiyyar kwamfuta a harabar guda, irin su Bayero a Kano da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, suna da duk abin da ake buƙata don su jarraba amsoshin da manhajojin nan suke bayarwa da Hausa a kan tsarki da aure da gado, su ƙirga kurakuran, su buga sakamakon jama'a su gani.